Gawa Mai Ba da Umarni

Nauyin tsohuwar ya sauko a kan ƙirjinsa gaba ɗaya, amma Darakta bai motsa ba, domin a wannan lokacin shi gawa ne, gawa kuwa ba ta da hurumin yin ƙorafi. Yana kwance a kan gado, an lulluɓe shi da farin mayafi har wuya, idanunsa a rufe, fuskarsa ta sha hoda mai launin toka, manyan fitilu biyu suna gasa masa goshi. Abin da ya rubuta da hannunsa shi ne, uwar za ta dafa kafaɗar ɗanta, ta kira shi, sannan ta juya ta fuskanci taga. Bai rubuta cewa za ta kife a kansa ba. Bai kuma rubuta wannan numfashin ba, wanda ke fita da ƙyar a daidai kunnensa kamar ana jan buhu a kan siminti.

A ransa ya ce, wallahi wannan ya fi abin da na rubuta.

A wurin aikin Darakta akwai doka guda wadda ba a taɓa rubuta ta ba, amma ta fi duk wadda aka rubuta aiki: da zarar kyamara ta fara ɗauka, ba mai tsayar da ita sai shi, da bakinsa, da kalmar nan ta 'yan fim, "kot". Dokar tana da tarihi. A fim ɗinsa na farko, wani mai ɗaukar sauti ya taɓa tsayar da aiki saboda wayar wani ta yi ƙara, daidai lokacin da hawayen gaske suka zo wa jarumar, hawayen da ba su sake zuwa ba har aka gama fim ɗin. Daga ranar Darakta ya shelanta cewa ko rufin ɗaki ne ya rufto, a ci gaba da ɗauka har sai ya yi magana. Abin da dokar ba ta tanada ba shi ne ranar da mai maganar zai kasance a kwance da ido a rufe. Saboda haka Dogo mai kyamara, da Kunne mai riƙe sandar makirufo, da Mai Kwalliya da ke tsaye a bakin ƙofa da soso a hannu, duk suka ga abin da shi bai gani ba. Suka dubi juna. Kowa ya jira gawa ta ba da umarni.

Gawar kuwa ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta tabbatar shirun ya cika ɗakin yadda take so, har ta ɗan yi shawara da kanta a kan ko a ɗora kiɗa a wurin ko a bar shi haka, sannan ta buɗe baki.

"Kot! Gwaggo, kin gama da mu. To, ɗaga ni haka nan, kada gawar ta zama ta gaske."

Gwaggo ba ta ɗaga ba.

"Darakta," in ji Mai Kwalliya, "ba wasa take yi ba fa."

Ya buɗe ido. Fuskar tsohuwar tana daf da tasa, ido ɗaya a buɗe yana kallonsa, ɗayan ya rufe rabi, bakinta ya zame gefe guda, yawu ya jiƙa mayafin. Kowa a wurin yana kiranta Gwaggo ne saboda girma, amma shi gwaggonsa ce ta jini, yayar mahaifinsa, wadda ta ɗauke shi tun yana rarrafe bayan rasuwar mahaifiyarsa, ta haɗa shi da 'yarta tilo ta raine su a ɗaki guda. Ya tallabo kanta yana kiran sunanta, sai ya ji hannunta na dama ya sulale daga kafaɗarsa ya faɗi a kan gadon kamar ba nata ba.

Suka kinkime ta su uku zuwa motar kayan aiki. Kunne ya riƙa wurgo ƙafafun fitilu da wayoyi waje don a sami wurin shimfiɗe ta, shi da a kullum yake hana kowa ko taɓa su. Ya ja motar, Dogo a gefensa rungume da jakar kyamara, Darakta a baya da kan Gwaggo a cinyarsa.

A shataletale na farko suka tarar da cunkoso, motocin haya sun yi cirko-cirko, kowane direba yana bayyana wa na kusa da shi asalinsa. A nan Darakta ya ciro waya ya kira 'yar Gwaggo, wadda ake kira Malama saboda tana shugabantar wata makarantar 'yan mata.

"Hula Uku," in ji ta da dariya a muryarta, "ka gama wahalar mini da uwa, ko sai na turo 'yan sanda?"

Ita ta laƙaba masa wannan suna tun da ya fara sana'ar, domin shi ke rubuta labarin, shi ke ba da umarni, shi ne kuma jarumi. Takan ce kai ɗaya ne hula uku, ba kuma wadda ta zauna daidai.

"Malama, ki same mu a babban asibiti. Yanzu."

Dariyar ta ɗauke. Da ta sake magana, ba ta tambayi abin da ya sami uwarta ba. Cewa ta yi, "Me ka yi mata?"

Ya kashe wayar, domin amsar tana da tsawo.

Fina-finan Darakta ba su da yawa, masu kallonsu ma haka. Bayanin da yake bayarwa a bainar jama'a game da haɗa ayyuka uku a kansa shi ne, ba wanda ke iya ganin abin da yake gani. Bayanin da ba ya bayarwa shi ne, duk wanda ya yi aiki da shi sau ɗaya yakan sami uzuri a karo na biyu, ban da Dogo da Kunne, waɗanda sabo ya riga ya cinye. Dillalan fim sukan mayar masa da aikinsa da tambayar ina waƙoƙin suke. An taɓa gayyatar wani fim nasa zuwa wani taro a wata ƙasa mai nisa, aka nuna shi da sassafe a babban zaure, mafi yawan kujerun suka kalle shi da natsuwa saboda ba kowa a kansu. Kukansa na kullum shi ne mutane ba sa kallo, leƙe kawai suke yi. Suna ci, suna hira, suna latsa waya. Yakan ce a ba shi mai kallo ɗaya tak da zai zura ido a kowace kusurwar hoto, ya isa.

Gwaggo kuwa a ƙuruciyarta ta yi wasan kwaikwayo a rediyo, har akwai lokacin da ake gane muryarta a kasuwa kafin a ga fuskarta. Ta bar shi tun da daɗewa, amma ba ta bar sukar aikin ɗan nata ba. "Uwayen fim ɗinka ba su da sana'a sai kuka," takan ce. "Ka taɓa ganin na yi kuka a gabanka?" Don haka ya zauna ya rubuta mata uwa wadda ba ta kuka, ya roƙe ta ta fito a matsayinta. Malama ta ƙi, saboda hawan jinin tsohuwar. Aka yi ta jayayya har aka tsaya a kan sharuɗɗa: aiki ba zai wuce azahar ba, za ta sha magani a kan lokaci, kuma ko kai ta ce yana mata ciwo a tsaya. Ya rantse. Ya kuma cika alkawari har zuwa yau, ranar ƙarshe da za su samu a gidan da aka ba su aro, domin gobe sababbin 'yan haya za su tare, fitowar mutuwar kuma ita kaɗai ta rage. Azahar ta zo ta wuce ba wanda ya dubi agogo da babbar murya. La'asar ma haka.

A ƙofar sashen gaggawa, mai tura gadon marasa lafiya ya sheƙo da gudu, ya dubi fuskar Darakta mai launin toka da baƙin da aka zizara masa a ƙarƙashin ido, ya kama hannunsa.

"Sannu, bawan Allah. Kwanta a hankali."

"Ba ni ba ne! Tana cikin mota!"

Mutumin ya leƙa motar, ya sake dubansa. "To, kai ma dai kada ka yi nisa."

Likitar da ta karɓe su 'yar siririya ce mai sanyin murya, tabarau na rataye a wuyanta. Ta haska idon Gwaggo, ta ɗaga hannunta na dama ta saki, ta ce ta yi murmushi, ta ce ta faɗi sunanta. Abin da ya fito daga bakin tsohuwar bai zama kalma ba.

"Waye nata?"

"Ni ne. Ɗanta ne ni."

"Yaushe abin ya fara?"

"Yanzun nan. Muna cikin aiki ta faɗi."

"Ba faɗuwar nake tambaya ba. Yaushe rabon da a gan ta lafiya ƙalau, maganarta daidai, hannunta daidai?"

Daidai nan Malama ta shigo, mayafinta a karkace, garin alli a gefen hannun rigarta. Ba ta dube shi ba. Ta wuce ta kama ƙafar uwarta ta riƙe. Sana'a sana'a ce, muryar Darakta ta fito a daidaice.

"Har zuwa lokacin da ta faɗi, lafiyarta ƙalau."

Likita ta gyaɗa kai, ta juya ga Malama ta yi bayani dalla-dalla. Alamu sun nuna shanyewar ɓarin jiki ce, kuma mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Za a ɗauki hoton kan yanzu. Idan hoton ya tabbatar, akwai allurar da ke narkar da gudan, wadda kan dawo da hannu da magana. Sai dai allurar tana da wa'adi: sa'o'i kaɗan ne daga farawar ciwon. Idan wa'adin ya wuce aka yi ta, takan fasa jijiyar da ta riga ta yi rauni, jini ya malala a cikin kai.

"Idan haka ta faru, ba ni da sauran abin yi," in ji ta. "Shi ya sa nake nanata maganar lokaci. Ba laifin kowa nake nema ba."

"Yanzun nan ne," Darakta ya sake cewa.

Aka tura gadon zuwa ɗakin hoto. Kafin ta bi shi, Malama ta tsaya a gabansa. Ta girme shi da kaɗan, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Azahar muka ce."

"Hasken ne, Malama. Hasken da ake buƙata ba ya shigowa ɗakin sai rana ta karkata."

"Hasken," in ji ta, kamar tana duba kalmar a takardar jarrabawa. Ta wuce.

Ya zauna a kan dogon benci a barandar asibitin. Wata mata da ke gefe ta dubi fuskarsa, ta ja ɗanta ta matsa can ƙarshe. Kunne ya tafi neman wurin ajiye mota. Dogo ya zo ya zauna kusa da shi, jakar kyamara a kan cinya, domin ko masallaci zai shiga ba ya barin ta a mota. Ya daɗe yana wasa da zif ɗin jakar kafin ya yi magana.

"Darakta. Kofin nan fa."

"Wane kofi?"

"Na ɗazu da hantsi."

Darakta ya san kofin. Ya san shi tun a cikin mota, ya dai ajiye shi ne a wani lungu na zuciyarsa kamar takardar da aka ce a dawo gobe. Da hantsi sun ɗauki fitowar da ake kawo wa uwar labarin haɗarin ɗanta tana shan shayi. A rubuce, za ta ajiye kofin a kan tebur a hankali, ta ce a maimaita mata. A aikace, kofin ya zame daga hannunta ya tarwatse a ƙasa, maganar kuma ta fito da nauyin harshe. Shi ba ya cikin wannan fitowar, yana tsaye a bayan Dogo, kuma saura kaɗan ya yi tsalle don murna.

"Wasa ne," ya ce. "Ka san halinta. Tun ranar farko ba ta taɓa faɗin abin da na rubuta yadda na rubuta shi ba. Kullum sai ta ƙara nata."

"Haka ne."

"Ba ta tashi ta koma kujera da ƙafarta ba? Ba ta yi magana bayan nan ba?"

"Ta yi. Sama-sama." Dogo ya ja zif ɗin ya mayar. "Da rana dai ba ta ci komai ba. Ruwan ma da hagu ta karɓa. Mai Kwalliya ta ce maka gefen fuskarta ya saki, ka ce a ƙyale ta, ba ta son fita daga matsayin uwar fim ɗin ne."

"Kai likita ne?"

"Ni mai kyamara ne, ranka ya daɗe. Abin da ka ce in ɗauka shi na ɗauka. Yana ciki."

Wata nas ta wuce da ƙaramin tiren allura a rufe, ta shiga ɗakin da aka fara kwantar da Gwaggo. Darakta ya bi ta da kallo har ƙofar ta rufe. Sannan ya miƙa hannu. Dogo ya ciro kyamarar, ya buɗe ɗan allon da ke gefenta, ya nemo ɗaukar hantsi, ya ba shi abin sawa a kunne.

Ga Gwaggo a kujera, hasken taga ya kwanta a gefen fuskarta. Ga kofin yana tafiya bakinta. Ga yatsun suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ba irin na mai sakin abu ba, irin na wanda abu ya saka. Kofin ya fashe. Ta dubi hannun, ba ta dubi mai kawo labarin ba. Sai ya ji wata murya daga bayan kyamara, cike da farin ciki, muryar da ya fi sanin ta fiye da kowace a duniya:

"Kada ki gyara bakin, Gwaggo! Yadda ya karkace ɗin nan, haka nake so. Riƙe shi!"

Tsohuwar ta juyo da ido wajen muryar. Da ƙyar ta haɗa kalmomin. "Ɗana... hannuna."

A fim ɗin "ɗana" take kiran jarumin. A gida ma "ɗana" take kiransa. Da hantsi bai ga dalilin tsayawa ya tantance da wanne take magana ba.

"Madalla!" in ji muryar. "Ƙara faɗa, amma wannan karon ki kalli taga."

Ta kalli tagar. Ta ƙara faɗa.

Ya zare abin kunnen. A can ƙarshen barandar ya hango ana dawo da gadon daga ɗakin hoto, Likita a gefe tana magana, Malama tana gyaɗa kai. Suka shiga ɗakin da nas ɗin ta shiga da tire.

Duk hulunan nasa uku suka tashi aiki a lokaci guda. Marubucin ya shiga tsara masa mafita: ai ba tabbas, wataƙila gajiya ce da hantsin, ciwon gaske kuma sai da la'asar, wataƙila allurar ta yi aiki, Gwaggo ta tashi, ba wanda zai sake tuna wani kofi. Mai ba da umarnin ya ce a'a, a samu Likita ita kaɗai, a ja ta gefe, a gaya mata a taƙaice ba tare da Malama ta ji ba. Jarumin kuma ya tabbatar masa cewa ko wanne aka zaɓa, zai iya faɗinsa ba tare da ido ya ƙifta ba. Sai dai Likita ba ita kaɗai ba ce, kuma ba za ta zama ita kaɗai ba kafin a buɗe tiren nan.

"Darakta," in ji Dogo a hankali, "in ba za ka iya ba, ni zan..."

"Kai za ka me? Zauna."

Ya miƙe da kyamarar a hannu. Barandar ba ta da tsawo. Ya tura ƙofar ba sallama.

Nas ta riga ta ɗaura wa Gwaggo roba a dantse tana neman jijiya. Likita tana cewa Malama, "Hoton bai nuna zubar jini ba, saboda haka idan kin amince..."

"Likita, a dakata." Muryar jarumin ba ta zo ba, wadda ta zo wata 'yar ƙarama ce. "Akwai abin da ya faru da hantsi. Ta yar da kofi. Ban sani ba ko... Ga shi dai a nan."

Likita ta ɗaga wa nas hannu, ta sa tabarau. "Nuna mini."

Ya kunna, ya kai yatsa ya rage sautin har ƙasa. "Hoton ma ya isa a gani."

"Maganarta nake son ji. Ƙaro sautin."

Ya ƙaro. Malama ta matso ta tsaya a kafaɗar Likita.

Ba a taɓa kallon aikin Darakta yadda aka kalle shi a wannan ɗaki ba. Likita ba ta ƙifta ido ba. Ta ce a tsayar, a koma baya, a sake. Ta sa ya matso da hoton kusa, ta bi kusurwar bakin da farcenta, ta koma kan yatsun, ta lura har da yadda kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu, abin da shi kansa bai gani ba. Kowace maimaitawa kuma sai muryar nan mai farin ciki ta sake cika ɗakin, ta ce a riƙe bakin yadda yake, tsohuwar ta ce hannunta, muryar ta ce madalla. A maimaitawa ta ƙarshe Malama ta daina kallon allon. Shi take kallo.

"Na'urar tana nuna lokacin da aka ɗauka?" Likita ta tambaya.

Ya nuna mata lambobin da ke saman allon. Ta duba su, ta duba agogon hannunta, ta cire tabarau.

"A mayar da allurar," ta ce wa nas. Sannan ta juyo. "Tun nan ya fara, ya ɗan lafa, ya dawo da ƙarfi. Wa'adin ya wuce tun kafin ku taso. Gara da ka kawo wannan. Da mun yi mata..." Ba ta ƙarasa ba.

"Da an kawo ta da hantsin fa?" in ji Malama.

Likita ta dube ta. "Da mun sami abin yi fiye da wanda muke da shi yanzu."

"Za ta tashi?"

"Ina sa ran za ta rayu. Hannun da maganar kuwa sai a hankali, kuma ba zan yi miki alkawari ba."

Aka shiga shirin mayar da Gwaggo ɗakin jinya. Idonta mai buɗewa yana yawo a rufin ɗakin, bai tsaya a kan kowa ba. Darakta ya jira ihu, ko mari, ko a tara masa jama'a; da ya samu ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi. Malama ta gyara wa uwarta ɗankwali, ta share mata gefen baki da bakin mayafinta, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ta ce maka hannunta."

"Malama, wallahi na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. Yanzu muka gama kallonsa."

Ba ta kira shi Hula Uku ba. Ba ta kira shi da komai ba. Da aka fara tura gadon ya yi niyyar bi, sai ta tare ƙofar da hannu.

"Ba yau ba. Je ka wanke fuskarka, kada ta farka ta gan ka haka."

Ya sami famfo a bayan ginin, kusa da inda masu jinya ke wanke kwanuka. Ya daɗe a sunkuye yana cuɗa fuska, ruwan toka yana bin kwata. Hodar mai kyau ce, Mai Kwalliya ba ta ha'inci. Sai da ya ari sabulu a wurin wata tsohuwa, wadda ta yi masa addu'ar Allah ya ba nasa lafiya.

A wurin ajiye motoci ya tarar da Kunne a zaune a kan murfin injin motar yana magana a waya da mai gidan aro, yana ba shi haƙuri a kan kayan da suka bari a warwatse. Rana ta yi ƙasa. Dogo ya karɓi kyamarar, ya goge allon da gefen rigarsa inda farcen Likita ya bar shaida, ya zaro katin da aikin ranar yake ciki. Abu ne ɗan mitsitsi, bai kai faɗin babban yatsa ba. Ya riƙe shi a tafin hannu.

"Darakta, wannan fa? In goge?"

Darakta ya dubi katin. Ya so a ce abin da ke ransa fuskar Malama ce kawai, da idon Gwaggo mai yawo a rufi. Suna nan kuwa. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu da ya ƙi kwanciya: duk lokacin da Likita ta ce a koma baya, wani sashe nasa yana lura da yadda hasken taga ya kama ɓaraguzan kofin a ƙasa, da yadda tsohuwar ta juya ta kalli tagar nan ba ɗigon hawaye a idonta. Tun da ya fara sana'ar bai taɓa ɗaukar abu kamar wannan ba, ya kuma san ba zai sake ba.

Kunne ya gama wayarsa ya juyo yana jiransu.

"Kwafe shi wuri biyu," in ji Darakta. "Likita tana iya sake nema."

Dogo ya gyaɗa kai kamar wannan ne dalilin, ya sa katin a cikin 'yar robarsa, ya rufe jakar.